Sabon Tsarin Aiki Da Halin Da Masu Rubuta Manhaja Ke Ciki

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2001, waɗansu masana aikin kwamfuta su 17 suka taru a wani masauki da ke Snowbird, a Jihar Yuta ta ƙasar Amurka. Abin da ya tara su kuwa shi ne gajiya da tsohon tsari, inda akan shafe watanni ana shirya takardu kafin a fara rubuta manhaja, sa'an nan in wa'adi ya ƙarato sai ma'aikata su koma kwana a ofis. Sanarwar da suka fitar ita ce tushen tsarin da ake kira Agile, watau aiki da zafin nama.

Bisa ga wannan tsari, akan yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a gama ta cikin mako biyu ko wata ɗaya, a nuna wa mai ita. Ma'aikatan ne da kansu ke faɗin nauyin da za su iya ɗauka. Kent Beck, ɗaya daga cikin mahalarta taron, tun a littafinsa na 1999 ya gindaya sharaɗin awa 40 a mako, domin a ganinsa gajiyayye kuskure yake shukawa. A 2003 kuma Mary da Tom Poppendieck suka aro dabarar masana'antar motoci ta Toyota da ke Japan, wadda ke hana tara aiki fiye da abin da hannu zai iya gamawa.

Ba ƙaramar bukata ake da ita ga wannan gyara ba. A 2006 sai da kamfanin Electronic Arts ya amince ya biya masu rubuta masa manhaja dala miliyan 14.9, bayan sun kai ƙara a kan aikin wuce lokaci da ba a biya su ba.

To, amma fa tsari daban, mai riƙe da shi daban. Taron minti 15 da akan yi a tsaye kowace rana an ƙago shi ne don abokan aiki su san inda kowa ya tsaya. A ma'aikatu da yawa ya zama zaman tuhuma, kowa na ba manaja bahasin jiya. Makin da ma'aikata ke ba kowane aiki don kimanta wuyarsa, shi ma ya koma sikelin auna su, har ana gwada wannan ƙungiya da waccan. Da can wa'adi ɗaya ne a ƙarshen aiki. Yanzu kowane mako biyu da nasa, ba kaka ba rani.

Wannan ne ya sa a 2018 Ron Jeffries, wanda shi ma yana cikin mutanen nan 17, ya shawarci masu rubuta manhaja da su rabu da tsare-tsaren da ake ɗora musu da sunan Agile, su riƙe gwajin aikinsu da tsabtace shi a kai a kai.