Mai Kalangu a Layin Mahauta

Da hantsi mai kalangu yake isowa layin mahauta a kasuwar Zuru, amma ba ya fara kiɗa nan take. Sai ya jingine kalangun a rana, domin fatar da ta kwana cikin raɓa ba ta da murya; ka buga ta, sai ka ji kamar an doki buhun dusa. Kafin ta ɗame yana gaishe-gaishe, ido kuwa na aikinsa: wa ya kayar da sa yau, wa ya tsaya ga akuya, wane baƙo ne ya sauko daga mota da aljihu a kumbure.

Kalangu tun asali na mahauta ne. A da, in aka ji shi da yamma an san gobe akwai nama, kuma kowane mahauci da takensa. Daga nan ya shiga dandali da fagen dambe da gidan biki, har Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya kai shi gaban shugabannin ƙasa. Na bakin kasuwa dai yana nan inda aka bar shi.

Hannu uku ke haɗa kalangu. Masassaƙi ne ke fafe kangon daga guntun icce mara nauyi irin alilliba, ya tsuke tsakiya, ya bar baki biyu a buɗe. Fata daga wurin mahauci take fitowa, ta ɗan akuya, marar kauri. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta jikin kirinya. Sai makaɗin da kansa ya zauna ya zarga tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗaura maratayi. Kango kan yi shekaru, wani ma na gado ne, ya yi baƙi da gumin kaka da uba. Fata ce mai cin kuɗi. Damina ta saki jiki, hunturu ta tsage, ɓera ma bai bar ta ba in an yi sakaci. Shi ya sa ba ka raba mai kalangu da fatar ajiya da basilla a jaka.

Maganar kalangu a hammata take. In ya matse tsirkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar Hausa har ya kira sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Yaro yakan yi shekara da shekaru a kan kuntukuru, yana riƙe wa manya kiɗa, kafin a yarda ya rataya babba.

Sai dai duk wannan rabin sana'ar ne, kuma a ganina ƙaramin rabin. Jarin maroƙi shi ne sanin mutane. Ya san wane ɗan wane ne, garin da kakansa ya baro, shekarar da ya je Makka. A Zuru wannan karatu ya fi na ko'ina wuya, don gari ne na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ga Fakkawa, Dukkawa, Kambari da Fulani, Musulmi da Kirista, duk Hausa ta haɗa su a kasuwa. Kirarin da zai sa Alhaji ya sa hannu a aljihu ba shi zai motsa manomin da ya yi shekarun golmo a gonar surukai ba. Wannan fartanya da juriya za ka ambata masa. Ga kuma tsofaffin soja, da yake ƙasa ce ta soja, wadda har Janar Muhammadu Sani Sami, tsohon gwamnan mulkin soja na Bauchi, ya yi sarautarta. Su kam a tuna musu da kaki da fagen fama, musamman in fansho ya shigo.

"Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, Allah ya kawo kasuwa!" Da haka sanƙira ke buɗe wa makaɗi hanya, shi ne kuma mai shelar kyauta, yakan ƙara mata gishiri don na kusa ya ji kunya. Abin da ke faɗowa 'yan hamsin ne da ɗari da ɗari biyu. Ɗari biyar sai an dace. Mahauci ya fi son ya ba da tsoka ko kayan ciki, manomi da kaka ya ba da damin dawa. Kakar ce ma lokacin samu: aure ya yawaita, ga Kirsimeti, ga cinkoson bikin Uhola, ko da yake Uhola na da makaɗanta na gargajiya, baƙo a gefe yake kalace. Damina kuwa da yawansu gona suke komawa.

Shekarun nan sun matsa musu. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya ɓatar da takardun naira, sana'ar ta kusa tsayawa, don ba wanda zai tsaya tsakiyar zuga yana tambayar lambar asusu. Cire tallafin mai a watan Mayun wannan shekara ya sa kuɗin mota zuwa kasuwar Ribah ko Dirin Daji na iya cinye samun yini. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, kuma tun da EFCC ta fara kai mutane kotu a kai, masu hannu da shuni sun koyi taka tsantsan. Mai gidan biki ya gane hayar DJ ta fi sauƙi. Mafi muni, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko/Wasagu da Sakaba, inda a da ake kwana ana kiɗa. Ga tsohon ciwo: mutumin da ya yi maka kari da rana, in ka nemi 'yarsa da dare sai ya tuna kai maroƙi ne. Su kuwa suna cewa roƙo daban, bara daban, don su sai sun yi aiki ake ba su.

Bayan magariba suke rabo. A zazzage jaka a kan tabarma, a warware takardun da gumi ya dunƙule, a fara cire kuɗin mota da na fata. Maigida ya ɗauki kaso babba, sanƙira da 'yan amshi su bi baya, yaron kuntukuru ya samu na tuwo. Naman ma a raba shi. Sannan a sassauta tsirkiya, a sa kalangu cikin jakarsa, a rataye shi can sama inda ɓera ba ya kaiwa.