Kwantena da Jirgin Ƙasa: Ƙashin Bayan Cinikin Intanet a Amurka

Idan mutumin Shikago ya sayi takalmi ta intanet, washegari yakan ga an kawo masa har ƙofar gida. Amma kafin nan takalmin ya sha doguwar tafiya, mai yiwuwa tun daga wata masana'anta a ƙasar Sin, kuma a cikin akwatin ƙarfe guda ya yi mafi yawanta, wato kwantena.

Wani mai sana'ar manyan motoci, Malcom McLean, shi ne ya yayata wannan dabara. A shekarar 1956 jirginsa mai suna Ideal-X ya ɗauki kwantena 58 daga Newark zuwa Houston. Kafin lokacin, 'yan dako ne ke loda kaya buhu-buhu, jirgi kuwa yakan yi kwanaki a tasha. Daga baya aka daidaita girman kwantena: faɗinta ƙafa 8, tsawonta ƙafa 20 ko 40. Saboda haka ƙugiya tana iya ɗauke ta daga jirgin ruwa, ta aza a kan tarago ko tirela, ba tare da an buɗe ta ba.

Me ya sa ake fifita jirgin ƙasa a tafiya mai nisa? Amsar tana cikin ilmin fiziya. Tayar roba takan lotsa idan tana birgima a kan kwalta, kuma wannan lotsawar tana cinye ƙarfin inji. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe kuwa ba ta lotsawa sai ɗan kaɗan. Shi ya sa man da zai kai tan ɗaya na kaya wani nisa a tirela, zai kai shi ninki uku zuwa huɗu na wannan nisa a jirgin ƙasa.

A shekarar 1984 kamfanin American President Lines ya fara jigilar kwantena hawa biyu a kai a kai daga Los Anjalas. Taragon irin wannan jirgi yana da zurfi a tsakiya kamar kwami, domin kaya su yi ƙasa-ƙasa, kada jirgin ya tuntsure a kwana, ko ta saman ta bugi gada. Jirgi guda yakan ja kwantena fiye da 200, aikin ɗaruruwan direbobi ke nan, ya ratsa kilomita kusan 3,500 zuwa Shikago. Daga can sai tireloli su kai su manyan rumbuna, inda kaya ke jiran mai saye.

Sai dai sarƙar tana da rauni. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, sayayya ta intanet ta ƙaru ƙwarai, kwantenoni suka cunkushe tashoshi. Zuwa farkon 2022 jiragen ruwa fiye da 100 ne suka yi layin jiran shiga Los Anjalas da Long Beach. Kaya suka makara, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo, daga ƙarshe mai saye ne ya biya.