Yaƙin da ake gwabzawa a cikin hanjin sauro

Da damina ta zauna a Azuba, kusa da Lafia, ruwa kan kwanta a kududdufai da gefen gonaki, sauro kuma ya yi ta hayayyafa. Tamatar sauron da ta sha jinin mai zazzaɓi da daddare, ita ma ta ɗauko wa kanta rigima, domin jinin yana sa bakteriyar da ke zaune a hanjinta ta ninka sau da yawa cikin kwana ɗaya. In ba ta shawo kansu ba, su ne ajalinta.

Jikin ƙwaro ba ya haddace maƙiyi irin yadda jikin ɗan Adam ke yi bayan allurar rigakafi. Abin da yake da shi wasu furotin ne masu gadi, waɗanda masana ke kira PGRP. A 1996 masu bincike a Japan suka fara tsamo su daga jikin tsutsar siliki. Aikinsu shi ne gane wani sinadari, peptidoglycan, wanda bakteriya ke gina bangon jikinta da shi, wanda kuma babu shi a jikin ƙwaron. Ginin bangon iri biyu ne, kuma masu gadin na bambancewa. A jikin ƙudan 'ya'yan itace, iri ɗaya yana tada hanyar saƙo mai suna Toll, ɗayan kuma Imd. Ƙarshen saƙon ɗaya ne: jiki ya fitar da ƙananan furotin da ke huda fatar bakteriya har ta mutu. Hans Boman na Jami'ar Stockholm da abokan aikinsa ne suka bayyana na farkonsu, cecropin, a 1981. Aikin Jules Hoffmann kan Toll kuwa ya ba shi kaso a kyautar Nobel ta 2011.

A nan ne maganar ta shafi Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma dole ta ratsa bangon hanjin sauro kafin ta isa ga mutum na gaba. Idan bakteriya ta riga ta tada masu gadi, da yawan ƙwayoyin maleriya kan halaka a hanya, kamar baƙon da ya faɗo cikin faɗan da ba nasa ba.

A 2015 Mathilde Gendrin da abokan aikinta na Imperial College da ke Landan suka wallafa wani sakamako mai tada hankali, wanda wani ɓangarensa a Burkina Faso aka yi shi. Sauron da ya sha jini mai ɗauke da penisilin da streptomycin ya rasa yawancin bakteriyar hanjinsa, ya fi saurin kamuwa da maleriya, ya fi daɗewa a raye, ya kuma fi yin ƙwai. Ba kowane antibayotik ke yin haka ba, kuma gwajin ɗakin bincike ba ƙididdigar ƙauye ba ne. Duk da haka, a wuraren da ake sayen kafso a kemis ba takardar likita da zarar jiki ya yi zafi, batun ya cancanci kulawa.

A Abuja, shirin yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wanda aka fara a 2017, hukumar NCDC ce ke jan ragamarsa. Shirin kawar da maleriya kuma yana da nasa ofishin da nasa kasafin a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sauron Azuba dai jini ɗaya yake sha, da maganin da cutar a ciki.