Baƙin Farkon Damina: Malam Buɗe Littafi da Maƙwabtansa

Shirin na yau zai leƙa bayan gari ne, inda ruwan fari ya sauka, ƙananan halittun da suka kwashe rani a ɓoye suka fara fitowa.

Daga Zariya zuwa Katsina, har Maraɗi da Damagaram, ruwan shuka kan sauka ne tsakanin Mayu da Yuni, kudu ta riga arewa. Daren da aka tafka ruwa, shinge ne ke fara kai labari. Sai su taso daga suri su yi wa fitila dafifi, yara na bin su da kwanon ruwa. Shinge gara ce mai fiffike, maza da mata da suka fito neman abokin zama. Da sun sauka sai su karkaɗe fiffiken, kowaɗanne biyu su tona rami su kafa sabon gida. Washegari da safe kuma, mai lura zai ga wani ɗan jan ƙwaro mai laushi kamar karan-miski yana rarrafe a kan rairayi. Idan aka ƙirga ƙafafunsa, takwas ne, domin dangin gizo-gizo da kaska ne. Kusan duk shekara a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma gara ce abincinsa, shi ya sa fitowarsu ke zuwa tare.

Ƙirga ƙafa na raba gardama da yawa. Fara, gyare, buzuzu da malam buɗe littafi duk ƙafa shida gare su. Ƙadandoniya na da huɗu a kowace gaɓa, tana tafe sannu, in an taɓa ta sai ta nannaɗe. Shanshani biyu gare shi a gaɓa, ga gudu ga cizo, a bar shi inda aka gan shi.

Shi kuwa malam buɗe littafi, hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a san tsiron da yake kewayawa, domin kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci. A duba tumfafiya. Dabbobi ba su cika kula ta ba saboda dafin farin ruwanta, amma a bayan ganyenta akwai wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya da ke ci hankali kwance, tana tara dafin a jikinta. Ita ce ke zama wanda masana ke kira Danaus chrysippus: fiffikensa ruwan goro, ƙarshensa baƙi da ratsin fari, kuma a nan Afirka ta Yamma fiffiken baya fari ne. Tashinsa a natse yake, ba ya gaggawa, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Akwai wani iri daban da ya ci moriyar wannan. Macensa ta kwaikwayi launin na tumfafiya sak, alhali ba ta da dafi ko kaɗan, shi kuwa namijinta baƙi ne wuluk da manyan ɗigo farare masu kewayen shunayya. Wanda bai sani ba zai rantse ba su haɗa dangi ba.

A jikin lemo kuma akwai wani babba, baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya. Tsutsarsa tana ƙarama kashin tsuntsu take kama da shi, har mai lambu ya wuce bai kula ba. In ta girma sai ta koma kore, in an tsokane ta sai ta fiddo wani ɗan ƙaho mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari. Fararen nan da ke taruwa a bakin kududdufi, galibinsu maza ne, gishirin laka suke tsotsa. Da yawansu a kan tafasa da rai-ɗore suka tashi, wasu kuma a kan anza.

Waɗannan kaɗan ne daga ciki. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi a 2005 da ya ƙunshi kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma, kuma fiye da 1,000 ana samun su a Nijeriya, ko da yake dazuzzukan kudu ne suka kwashe kaso mafi tsoka.

Dangin malam buɗe littafi masu tashin dare sun fi na rana yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba a cika ba su haƙƙinsu ba. Na rana yana da 'yan ƙahonni biyu sirara masu ƙulli a ƙarshe, in ya sauka yakan haɗe fiffikensa sama. Na dare ƙahonninsa ba ƙulli, wasu ma gashi-gashi ne, jikinsa ya fi kauri, yakan shimfiɗa fiffike ko ya rufa da shi. A rataya farin zane a jikin katanga bayan isha, a haska shi da fitila, za a ga abin mamaki. Daga cikin danginsu ne ake samun zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wanda tsutsotsi ke haɗuwa su saƙa a gida guda. Tsutsar da ke cin ganyen kaɗanya ma tasu ce, kuma a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso da ƙasar Nupe abinci ce mai daraja.

Inda sanin nan ya fi amfani shi ne gonar masara. A farkon 2016 aka fara tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa a Nijeriya da maƙwabtanta, asalinta daga nahiyar Amurka, cikin shekara biyu ta game yawancin Afirka. Uwarta mai tashin dare ce, launin toka, tana zuba ƙwai a dunƙule a jikin ganye. Tsutsar kan shige zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, ta bar huji da kashi mai kama da garin katako. Alamarta biyu: a kanta akwai zane irin na harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe sun yi murabba'i. Manomin da ke zaga gonarsa da sassafe tun masara na ƙarama zai iya murƙushe ƙwan da hannu, ko ya zuba toka ko rairayi a zuciyar tsiron.

Abin takaici shi ne feshin kan-mai-uwa-da-wabi. Da an ga tsutsa sai a ɗauko magani, a kashe mai ɓarna da mai taimako. Zanzaro tsutsa take farauta ta cusa a ɗakinta na laka don 'ya'yanta, rina da cinnaka ma haka suke ɗauke ta daga gona, ƙudan zuma kuma shi ke sa kabewa da kankana su yi 'ya'ya. A Maraɗi, cibiyar binciken noma ta INRAN har kiwon wani ɗan ƙaramin dangin rina take yi, ana sakin shi a gonaki domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Don haka wanda ya ga ƙwaron da bai sani ba, ya ɗauki hotonsa da waya, ta sama da ta gefe, tare da ganyen da ya same shi a kai, ya nuna wa malamin gona kafin ya sayi magani.