Laifukan ƙananan yara a Taura: wa ke riƙe da lissafi?

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a garin Taura, ko ya shiga Gujungu ranar kasuwa, zai ji ana kukan cewa yaran yanzu sun fi ƙarfin iyaye. Ana ambaton satar waya, satar awaki, shan ƙwaya, da faɗan da kan ɓarke bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo. Kukan gaskiya ne. Amma da za ka tambaya yara nawa ne ke aikata haka, ko bana ta fi bara, da wuya ka samu amsar da ta wuce "ai abin ya yi yawa."

Wuri na farko da ake dubawa shi ne littafin caji ofis. To, wane ne ke shiga wannan littafi? A ƙasar Taura, kamar sauran yankunan masarautar Ringim, yaron da ya ɗebi gero a rumbun maƙwabci ba ofishin 'yan sanda ake fara kai shi ba. Uban yaron ake samu. In ta gagara sai a je zauren mai unguwa, daga nan gaban dagaci. A biya abin da aka ɗauka, a ja wa yaro kunne, magana ta mutu. Wannan tsari alheri ne, ya kuma hana yara da yawa sanin ɗakin kulle. Sai dai ba ya barin rubutu. Wanda ya fi saurin kaiwa hannun hukuma shi ne baƙo, ko almajirin da iyayensa ke nesa, ko marayan da babu mai tsaya masa. Saboda haka sau da yawa littafin na nuna mana yaran da ba su da gata ne, ba yaran da suka fi ɓarna ba.

Ko manyan laifuka ma haka abin yake. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 ya nuna cewa cikin gidajen da aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin 100 ne kaɗai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Sannan duk makon da aka kai samame maɓoyar masu shaye-shaye, adadin kamammu zai yi sama, alhali ƙwazon jami'ai ne ya ƙaru.

Akwai kuma matsalar shekaru, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 50 na dokar Final Kot ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba a ɗora masa laifi, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuwa sai an tabbatar ya san abin da yake yi. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, Jigawa ma ta yi tata dokar kare yara a 2021, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Idan babu takarda, ido ne ke yanke shekaru. Ɗan 16 mai tsayi da ƙirar jiki sai a rubuta shi baligi, ya ɓace daga lissafin yara, ya kwana gidan yari tare da manyan ɓarayi.

Masana sun daɗe da neman hanyar cike wannan giɓi. A Amurka, cikin shekarun 1950, James Short da Ivan Nye sun raba wa 'yan makaranta takardun tambaya ba tare da rubuta suna ba, suna tambayarsu abin da su da kansu suka taɓa aikatawa. Sai ga shi ƙananan laifuka sun yaɗu tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa fiye da yadda ake zato. A 1972 kuma Marvin Wolfgang da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bin sawun yara maza 9,945 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya. Yara 627 kacal, wato kimanin kashi 6 cikin 100, su ne ke da fiye da rabin laifukan da aka rubuta. Mafi yawan samari kan yi ƙuruciyarsu su daina idan sun girma. 'Yan kaɗan ne ke zarcewa, kuma su ne ke bukatar a gano su da wuri, a kama hannunsu tun icce yana ɗanye.

Irin wannan tambaya ta kai tsaye ta yiwu a nan gida. Da ita aka gano a wani bincike na daban a 2018 cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda.

Taura ba ta bukatar aiki mai tsada haka. Littafi guda a hannun kowane mai unguwa ya isa a fara: ranar da abin ya faru, shekarun yaro, irin laifin, ko yana makaranta, da yadda aka sasanta. Kada a rubuta suna, domin manufar ba tona asirin gidan kowa ba ce. Cikin shekara ɗaya za a ga ko ɓarnar ta fi yawa da rani lokacin da babu aikin gona, ko ranakun kasuwa, ko tsakanin waɗanda suka bar makaranta bayan firamare. Muna roƙon shugabannin ƙaramar hukuma da hakimi su zauna da sashen jin daɗin jama'a su ɗauki wannan aiki, su kuma matsa wa iyaye lamba a kan yi wa kowane jariri takardar haihuwa.