Kafin Bashi Ya Kai Titin Kotu

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma daga Gyadi-Gyadi zuwa Babban Giji a Ƙaramar Hukumar Tarauni da wuya wanda bashi ya yi wa katutu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin rigima ta tashi. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, da masu unguwa da kotuna suna sulhunta masu bashi, sai dai magana ba ta isa gare su sai an kai ga cacar baki. Abin da ya kamata ya zo da wuri shi ne shawara: a zauna da direban A Daidaita Sahu da balas ya taru masa, ko matar da ta kwashi adashi ta kasa zubi, a rubuta duk abin da ake bin su da abin da suke samu, a ware na abinci da haya, a tsara wanda za a fara biya, sannan a nema musu sassauci.

Bashin yanzu ba ya jira. Tun daga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗinsu daga sauran asusun wanda ya kasa biya, ta lambar BVN. Manhajojin ba da rance kuma sun kai ga aika wa abokai da surukai saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai wa wasunsu samame a 2022. Mutumin da kunya ta kama yakan ci sabon bashi ya biya tsoho, ruwa na hawa.

Wasu za su ce wannan ɗaure wa masu taurin bashi gindi ne. Ban yarda ba. Mai kantin Kasuwar Tarauni da littafinsa ya cika da sunaye ya fi amfana da biya kaɗan-kaɗan a rubuce, da shaidu, fiye da shari'ar da za ta cinye masa kwanakin ciniki, kuma lissafi a fili shi ke bambanta mai ƙin biya da wanda ya kasa. A Ingila, tun 2021 doka ke ba wanda ya nemi irin wannan shawara hutun kwana 60 daga matsin masu bin sa. Mu kuwa Alƙur'ani ya riga ya umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma sanya masu bashi cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Saura mai zama ya yi lissafin. Hukumar Zakka da Hubusi da Ƙaramar Hukumar Tarauni su horar da matasan da suka karanci akanta, su ba su teburi a ofisoshin masu unguwa, kyauta kuma cikin sirri.