Yadda Fina-finan Amurka Suka Shiga Ajin Turanci A Jami'o'in Ƙasar Sin

Daga Wakilinmu

TUN daga shekarar 1978, lokacin da ƙasar Sin ta buɗe ƙofofinta ga cinikin duniya, harshen Turanci ya zama tsanin da ɗalibi ke takawa zuwa ga aiki mai tsoka. A 1987 aka kafa jarrabawar Turanci ta ƙasa domin ɗaliban jami'a. Amma malamai suka lura da wani abu, watau ɗalibi yana iya haddace nahawu ya ci jarrabawa, sa'an nan ya gamu da Ba'amurke ya kasa gane ko da gaisuwarsa. Wannan giɓi ne ya jawo majigi cikin aji.

Talabijin ne ya share fage. A 1982 gidan talabijin na ƙasar ya soma nuna shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, jama'a kuwa suka yi masa rububi. A 1994 gwamnati ta yarda a riƙa shigo da manyan fina-finan waje guda goma kowace shekara bisa tsarin raba kuɗin shiga, aka fara da The Fugitive. Adadin ya koma 20 bayan ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ya kai 34 a 2012.

Malamin da ya san aikinsa ba ya kunna fim ya koma ya zauna. Yakan yanko 'yan mintoci kaɗan ya nuna, da farko ba tare da rubutun fassara a ƙasan hoto ba, daga baya ya maimaita da rubutun. Ɗalibai su rubuta abin da kunnensu ya kama, su tashi su kwaikwayi 'yan wasan, a ƙarshe a yi muhawara. Ta haka suke jin yadda ake haɗiye kalmomi, da yadda ake ba'a, da yadda ake ƙin abu cikin ladabi, abubuwan da littafi ba ya iya furtawa.

Ɗaya daga cikin fina-finan da masu koyo suka fi so shi ne Forrest Gump na 1994. Tom Hanks yana magana a hankali cikinsa, labarin kuma ya ratsa tarihin Amurka: shigar baƙar fata Jami'ar Alabama a 1963, yaƙin Biyetnam, da abin kunyar Watergate. Har ma an nuna jarumin ya je Sin wasan ƙwallon tebur, abin da ke tuna ziyarar da 'yan wasan Amurka suka kai a 1971, shekara guda kafin zuwan Shugaba Nixon. Sai dai wanda ya kwaikwayi Gump baki da baki, karin harshen mutanen Alabama zai ɗauka, kuma wajibi ne malami ya faɗa masa haka.

Fim ɗin 12 Angry Men na 1957 kuwa kusan dukansa magana ce. Mutum goma sha biyu ne aka kulle a ɗaki domin su yanke ko wani saurayi ya yi kisan kai. Daga nan ɗalibi yake koyon harshen jayayya, yake kuma ganin tsarin shari'ar da ke ɗora hukunci a kan talakawan gari. Da wani darekta mai suna Xu Ang ya sāke shirya labarin a 2014 da sunan 12 Citizens, sai ya mai da shi shari'ar gwaji a makarantar koyon lauya, domin kotunan Sin ba su bin irin wannan tsari.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Fim haja ce, an yi shi ne domin a sayar. Shirin Friends, wanda aka nuna daga 1994 zuwa 2004 cikin kashi 236, ya koyar da ɗimbin matasan Sin Turancin hira. Amma samari da 'yan mata shida ne, duka farar fata, suna zaune a faffaɗan gidaje a birnin New York, kullum suna shan gahawa. Ɗalibin da bai ga kome ba sai wannan, zai ɗauka babu talauci ko wariya a Amurka. Maganin haka shi ne a haɗa masa da The Grapes of Wrath na 1940, labarin manoman da fari da bashi suka kora daga gonakinsu, ko Do the Right Thing na Spike Lee na 1989, wanda ya nuna zaman tankiya tsakanin jinsuna a unguwar Brooklyn.

Saboda haka aikin malami bai ƙare da furuci ba. Dole ya saba wa ɗalibansa da tambayoyi uku: wa ya shirya fim ɗin, a wace shekara, kuma su wa aka bari a waje? Ɗalibin da ya iya amsa su ya sami harshe, ya kuma sami idon tantance abin da aka nuna masa. Wanda aka bari da kallo kawai, karin magana zai kwasa da Amurkar da 'yan kasuwar Hollywood suka zana masa.